Saki Uku a Kan Dandamali

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wasanni da Al'adu na garin Tamale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ni ne Malam Garba mai goro na Zogbeli. Ka san fuskata, don ka sha wuce ni a kan bencin ƙofar ofishinka. Na kawo maganar jarida ne saboda ƙafata ta gaji, ni ma na gaji. Bokon nan kuwa a ajinku na yaƙi da jahilci na koye shi da furfurata, in ka ga ya karkace, koyarwarku ce.

Na farko, in tuna maka mafari. Da bikin tunawa da samun mulkin kai ya matso, kuka shirya wani tsohon wasan Turawa na sarki da matarsa, wanda ka ce tun kakannin kakanninsu ake yinsa. Kai da hannunka ka juya shi zuwa Hausa don mutanen kasuwa su ji. Sai kuka rasa uban da zai yarda 'yarsa ta tsaya gaban jama'a wani ƙato yana kiranta matarsa. Nan dabara ta zo maka, ka ce a ɗauki mata da miji na gaske. Ka zo har zaurena, ka tuɓe takalmi, ka roƙi in bar 'yata Hawa ta fito tare da mijinta Iddirisu, tunda dukkansu koyarwa suke yi, sun iya karatu. Ka ce babu abin kunya, ai da aurensu. Na ga hankali a maganar, na sa albarka.

Na biyu, ranar wasan. Bayan la'asar ne, zauren taro ya cika har tagogi, makaɗan Dagomba suna ta aikinsu a bakin ƙofa. Kai ka zaunar da mu a layin gaba don girmamawa: liman, da malaman Tishigu da na Zogbeli, da ni. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi da farko. Na ga 'yan kama, na ga tashe, amma ban taɓa ganin an ja labule sai ga fada sukutum a bayansa ba. Surukina da hular sarauta ta kwali da takobin katako, ya cika wurin, har na manta yaron nan ne mai durƙusa mini kowace safiya. Da munafukin wasan ya fara zuga sarki a kan matarsa, matan da ke baya suka dinga tsine masa da gaske, wata ma ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. Ina cikin dariya sarki ya miƙe, ya nuna 'yata da yatsa, ya ce ya sake ta. Ya maimaita, ya ƙara maimaitawa. Akawuna da Turawan da suka rage suka ɗauki tafi. A layinmu ko tari ba a yi ba. Liman ya dube ni, ya mayar da carbinsa aljihu, ya nemi takalminsa ya fita, malamai suka bi shi. An ce mini a ƙarshe sarkin ya yi nadama ya mayar da ita. Ina zaune a wurin, amma wallahi ban gani ba.

Na uku, abin da ya biyo baya. Ranka ya daɗe, ka yi karatu har bakin teku, amma a garin nan aka yanke maka cibiya. Ka san abin da ko yara suka sani, cewa aure da saki ba a wasa da su, in baki ya furta an gama. Da wata mata ce ya nuna, da iska ya faɗa wa. Sai ga shi matarsa ce ta sunna, gaban shaidun da suka fi na ranar ɗaurin aurensu yawa. Dabarar da ka yi don tsare mutunci ita ta rusa gidan. Malamai suka rabu, wasu suka ce saki uku ya tabbata, babu kome sai ta auri wani, wasu suka ce labari ne kawai yake bayarwa. Uwar Iddirisu da kanta ta haɗa wa Hawa kayanta, tana yi tana kuka, don tsoron kada a kwana cikin haram a ƙarƙashin rufinta. Lokacin cikin Hawa bai fito ba, yanzu ya tsufa. Da haihuwar fari ce, da na rufa wa kaina asiri na ce goyon ciki ta zo, to ta biyu ce. Ta daina zuwa makaranta saboda yara suna kwaikwayon kalmar nan in ta juya baya. Shi kuwa kullum da yamma yana zaurena zaune kamar mai neman aure, babu shiga ciki, 'yarsu ƙarama tana jan rigarsa wai ya zo su ci tuwo. Ni ne nake ba yarinyar haƙuri, kuma haƙurin ya ƙare mini.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin ƙorafina. Tsegumi ya shiga gari cewa babu saki a littafin Turawan, Iddirisu ne ya ƙara da bakinsa don yana da wata a zuciya. Liman mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce in wanda ya shirya wasan ya zo ya faɗa gaban shaidu cewa shi ya sa masa kalmar a baki, labarin wani mutum kuma yake bayarwa, to zai yanke cewa aure yana nan, don mai ba da labarin saki bai yi saki ba. Iyakar abin da ake nema ke nan. Tun bazara nake sintiri, ga shi har an fara girbin dawa. Yau kana Ankara babban birninmu, gobe kana taro, jibi ka fita duba aiki. Akawunka ya ce mini gwamnati ba ta shiga sha'anin addini. To wa ya shigar da ita? Ni dai ina zaurena ina jiƙa algararar rufe goro aka yi mini sallama. Amsa ɗaya da ta taɓa fitowa daga ofishinka ita ce masinja a kan keke, wai a gaya wa su Hawa su shirya, manya sun yaba, za a maimaita wasan a Yendi. Na ba shi ruwa da goro ya koma, don shi ɗan aike ne.

Ga roƙona. Ka zo masallacinmu bayan la'asar, kowace rana ka ga dama, ka faɗi abin da ka sani. Ba na neman ka ba ni haƙuri, ba na neman kowa ya rasa aikinsa. Sannan in za ku sake irin wannan wasa, ku nuna wa malami abin da za a furta kafin a ja labule. Ni ban ƙi wasa ba, ban ƙi ci gaba ba, na yi rawa ranar da aka ɗaga tutarmu kamar kowa.

Amma ka yi sauri. A wajen masu cewa saki ya auku, haihuwa ce ƙarshen idda, daga ranar Hawa bazawara ce a bakin gari, kuma abin da gari ya saba faɗa hukunci ba ya goge shi. Ungozoma ta ce kwana ya kusa. In ta sauka dole in aika wa yaron nan, kuma har yau ban san abin da zan ce a gaya masa ba: matarka ta sauka, ko 'yata ta sauka.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya tsare maka naka gidan, ya sa kada ka taɓa zama a bencin wani kana jiran kalma ɗaya.

Wassalam.

Malam Garba mai goro,
Zogbeli, Tamale.