Shafin da Ban Juya Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma gwiwar nan ta daina yi miki gardama wajen hawa bene. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙaninmu, Autanki.

Kada hankalinki ya tashi, hazbiya ce ta fito masa a fatar idon dama, ɗan ƙurji da bai kai ƙwayar wake ba. Abin damuwar kawai, a wannan idon yake maƙala ɗan gilashin da yake leƙa cikin agogo da shi. Shekara ashirin da biyu yana gyaran agogo da ido ɗaya, na hagun kuwa kin sani, tun yana yaro ado ne kawai.

Maimakon asibiti, sai ya nufi wurin wata mata da ta buɗe shago kusa da tela, mai ba da maganin da suke kira homiyofati. Ya dawo da 'yar kwalba cike da ƙwayoyi farare kamar ƙwan tururuwa, haɗe da takarda. Da yake idon yana ta zubar da ruwa, ya miƙo mini in karanta masa. Yaya, na yi dariya har sai da na cire tabarau. Wai ana ɗiga maganin a ruwa, a ɗebi ɗigo guda a zuba a wani ruwan, a sake, a kuma, har sau talatin, kuma duk tsarmawa ƙara masa ƙarfi take yi. Na gaya masa in dai haka ne, shayin da matarsa take ba baƙi babu kamarsa a duniya. Ya ce in rage surutu in faɗa masa abin da zai yi. Na ce ƙwaya uku a ƙarƙashin harshe, safe da yamma. Takardar kuma na sa ta alama a littafin da nake karantawa, don ta yi wani amfani a rayuwarta.

Sukari dai ba ya kisa. Ki gaishe mini da kowa.

Ƙaninki, wanda har gobe kike kira
Kamus


Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Daga bencin asibiti nake rubuta wannan, ki gafarci rubutun.

Kwana tara ban leƙa Auta ba, aiki ya riƙe ni a maɗaba'a. Yau da hantsi na biya shagonsa, na tarar da shi zaune a gaban wani agogo a buɗe, ya maƙala gilashin a idon hagu, yana lalubar wani ɗan dunƙulen ƙarfe da hantsaki. Da ya ɗago, wallahi ban gane shi ba. Idon dama ya rufe ruf, kumburi ya sauko har kunci, fatar ta yi jawur tana sheƙi. Jikinsa zafi rau. Matarsa ta ce kwana uku tana roƙonsa su je asibiti, yana cewa kwalbar ba ta ƙare ba tukuna. Ashe duk kwanakin nan yana ta danna gilashin a kan ƙurjin yana aiki, har ya gwada matse shi da yatsa.

Nan take muka kawo shi asibiti. Likita ta ce ƙwayar cutar ta bar ƙurjin ta bazu a fatar da ke kewaye da ido, kuma in ta wuce zuwa bayan idon, ganin nasa yana cikin haɗari. Sun kwantar da shi, suna ba shi magani ta jijiya. Ta tambaya ko babu wanda ya ce masa ya riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ya kuma ajiye gilashin. Da na nuna mata kwalbar, ta ɗaga kafaɗa ta ce wannan ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Yaya, mutumin da bai iya komai ba sai agogo, me zai yi in idon ya tafi? Gobe zan je wurin matar nan mai maganin. Na riga na shirya jawabina.

Ki sa shi a addu'a.

Kamus


Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kin samu barci bayan waccan wasiƙar. Bari in fara da abin da kike jira: kumburin ya sauka, ido ya buɗe, likita ta ce ganinsa bai taɓu ba. Alhamdu lillahi. Saura kuma nawa labarin.

Na je shagon matar da littafina a hannu, na zaro takardarta a matsayin shaida. Na yi mata jawabi mai kyau, har da tarihin ruwa da sukari. Dattijuwa ce mai sanyin murya, ta bar ni na kai aya. Sannan ta karɓi takardar daga hannuna, ta juya ta, ta miƙo mini.

A bayan akwai rubutun hannunta da jan biro. A gasa idon da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi sau huɗu a rana. Kada a matse. Kada gilashin aiki ya taɓa wurin. In kwana uku suka wuce babu sauƙi, ko kumburi ya wuce fatar ido, ko zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti a ranar, domin ƙwayoyin ba sa maye gurbin likita. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Ta ce ta fara yi wa Auta bayani da baki, ya katse ta don ya bar wani mai agogo yana jiransa a shago. Ya ce ta rubuta kawai, yana da wa mai gyaran rubutu a maɗaba'a, wanda ko waƙafi ba ya wuce shi.

Ban san yadda na fito daga shagon ba. Shekara ashirin da shida aikina ke nan, juya shafi. Na sha korar sababbin ma'aikata daga teburina don sun sa hannu a takarda ba su duba bayanta ba. Amma da na samu abin dariya a gaba, sai na ga karatu ya ƙare. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa ƙwayoyin nan sukari ne. Sai dai mai sayar da sukarin ta rubuta gaskiyar da za ta tsare masa ido, ni kuma na kulle ta a shafi na ɗari da goma sha biyu.

Na faɗa wa Auta komai a bakin gadonsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni da idon nan mai sauran ja, ya tambaye ni ko littafin dai ya yi daɗi.

Jiya aka sallame shi. Ma'aikaciyar jinya ta ga tabarau a fuskata, sai ta miƙo mini takardar ƙa'idojin shan magani. Auta ya sa hannu a hankali ya zare ta daga yatsuna, ya ba matarsa. Ta karanta gaba, ta juya baya. Ni aka ba ni jaka in riƙe.

Ki gaishe da maigida da yara. In za ki yi mini faɗa, ki rubuta a gefe ɗaya na takarda, ko da yake yanzu ina juyawa.

Ƙaninki, da bai san ko ya cancanci sunan ba,
Kamus