Albasar Kalilu Kore Shar, Tawa Ta Yi Ja

Adda Bilki, don Allah ki agaza mini da shawara, zuciyata na neman kai ni ga abin kunya.

Ni matashi ne a Turba, ƙasar Isa. Shekara biyu ke nan damina na yankewa tun gero bai fid da kai ba, sai muka dogara da noman rani a fadama. Gidanmu jam'iyya ɗaya muke bi tun zamanin kakana. Shugabanmu na mazaɓa, Alhaji Wakili, kullum cewa yake zancen canjin yanayi ƙirƙirar Turawa ce don su raba mu da fetur ɗinmu, ruwa kuwa na Allah ne. Na yarda da shi. Da ɗan takarar 'yan adawa ya kawo famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, ni na yayyaga takardar rajista a bainar jama'a, aka yi ta tafi.

Wanda ya fi kowa tafi Kalilu ne, ɗan ƙanen babana, sakataren matasanmu. Ashe ya zagaya ya karɓi famfon da sunan surukinsa na Unguwar Lalle. Gonakinmu iyaka ɗaya. Yau albasarsa kore shar, tawa ta yi ja, injina na ban-ruwa yana kwance don fetur ya gagare ni. Da la'asar kuma ya zo majalisa ya miƙe ƙafa yana zagin masu zancen yanayi, har da kirana "jarumin takarda". Ko matata jiya sai da ta yaba gonarsa. Wallahi na daina bin hanyar da za ni ga farantan solarsa.

Na ƙudura ranar taron mazaɓa za ni tona shi a tuɓe shi. In yi?

Ƙanenki daga Turba

Ƙanena, na ji daɗi da ka rubuto kafin ranar taron. Haushinka yana da tushe: ka tsaya kan maganarka, shi ya yi baki biyu. Amma duba, da gonarsa ta ƙone tare da taka, ba za ka damu da bakinsa ba. Koren albasar ne ke cin ka, kuma tuɓe shi ba zai jiƙa ko kunya ɗaya ta gonarka ba, sai dai ya raba gidan iyayenku.

Alhaji Wakili ya yi gaskiya, ruwa na Allah ne. Sai dai tambayi tsofaffin Turba yaushe ake shuka a da, yaushe ake yi yanzu. Su ɗin nan da ke fita roƙon ruwa, su ne ke barin itacen gawo a gona don ya ƙara mata albarka, suna ware rumbun tsimi saboda shekarar fari. Wannan shi ne riƙon al'ada. Rana kuwa ba ta da katin jam'iyya.

Ka ci gaba da zaɓen wanda kake so. A taron, ka miƙe cikin ladabi ka tambayi shugabanku abin da jam'iyyarku ta tanadar wa manomin da fetur ya gagara. Haƙƙinka ne.

Kafin nan, gobe da hantsi ka sami Kalilu a gona, ku biyu kawai, ba gori ba barazana. Ka roƙe shi ya juyo maka tiyo idan ya gama nasa. Zai yi maka nauyi a baki, na sani, amma albasa ba ta jiran mutum ya huce.

Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya ba mu damina mai albarka.

Adda Bilki