Garwashin da Ba Ya Hayaƙi

Zuwa ga maigidana, Baban Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Saboda haka duk wanda ya tsince ta a akwatina, ɗa ne ko jika, kada ya tsaya neman abin kuka a ciki. Gargaɗi ne nake yi masa: kada ya yarda da garwashi don ya ga ya daina hayaƙi.

Hunturu ya sake zagayowa ba ka nan. Ruwan randa da safe kamar zai yanke yatsa. Iya, mahaifiyarka, tana nan da tarinta. Bulus ya shiga aji biyu, har yanzu da hagu yake rubutu, na gaji na ƙyale shi. Rifkatu ta ci jarrabawa, tana makarantar kwana ta 'yan mata da ke gaba da Rijau. An gyara motar, ƙanenka Dauda ne ke tuƙa ta.

Ka san yadda ka tafi kuwa? Ina tambaya ne domin ina jin ba ka sani ba. Ka fita da safe za ka kasuwar Rijau ɗaukar dawa. Ka hura gawayi a kaskon nan naka, ka jira ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, sannan ka ajiye shi a gaban mota kusa da ƙafarka, yadda direbobin tashar Kontagora suke yi. Ka ɗaga gilasai. Ka cusa tsummoki a duk kafar da iska ke shiga. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce hanya miƙaƙƙiya ce, ba kwana, ba rami, ba alamar birki. Motar ta sauka a hankali, ta bi gangare har ta haɗu da bishiya. Kai da ka fara tuƙi tun kafin a ba mu mulkin kai, kai da ko lokacin da aka mai da tuƙi hannun dama ba ka taɓa taka kazar kowa ba.

A tasha suka ce wurin yana da iskoki. A majami'a aka ce lokacinka ne ya yi. Ban yi musu da kowa a zaman makoki ba. Amma Allahn da ya yanke lokaci, shi ne ya ba mu hankali, ya kuma bar mu da taga. Tun muna makaranta aka koya mana cewa gawayi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska marar launi, marar wari, wadda ke sa ciwon kai, daga nan barci. Sau nawa na gaya maka? Ka ce hayaƙi ne ke cutarwa, naka kuwa ba ya hayaƙi. Ka ce Malama ta sake buɗe aji. Sau nawa ka dawo kana dafe da kai ka ce yunwa ce?

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran Litinin hutun Kirsimeti ya ƙare. Dauda ya ce zai sauke Rifkatu a makaranta tunda hanyarsa ce. Na rako ta ƙofar gida da akwatinta. Na leƙa gaban mota, sai ga kasko. Sabo, jawur, ga tsummoki a cushe daidai inda ka saba cusa su. A motar da wansa ya mutu a ciki, Baban Rifkatu. 'Yarka kuwa har ta ɗaga ƙafa za ta hau, tana murna ta sami ɗumi.

Na ce ta sauko. Dauda ya fara wasan nan namu na ƙanin miji, wai yau matarsa ta tashi da kishi, in ɗumin nake so ai sai in hau, gaban mota na amarya ne. Ban yi dariya ba. Da ya ga haka ya bar wasa ya miƙo mini hannuwansa. Yatsun sun tsattsage, sun sandare. Ya ce in gaya masa da me zai riƙe sitiyari a kan tsakuwar hanyar nan da ke jan taya kamar santsi, domin direban da hannunsa ya mutu shi ma yana kashe mutane. Gaskiya ya faɗa. Ban ji daɗinta ba, amma gaskiya ce.

Duk da haka na sauke kaskon da hannuna na juye shi a kwata. Na shiga gida na ciro duwatsu biyu daga murhu, na naɗe su a buhu, na sa masa a ƙarƙashin ƙafa. Na ɗauko safar ƙafarka mai kauri, na yanka wa babban yatsa hanya, na ce ya zura hannu. Maƙwabta sun fito suna kallo. Na fizge tsummokin ɗaya bayan ɗaya. Sannan na aika wa hedimasta cewa yau ba zan zo ba, na hau, na zauna bakin taga, na sauke gilashi faɗin tafin hannu.

Ba zan yi maka ƙarya ba, mun sha sanyi. Kunnena na wajen taga ya daina ji. Rifkatu tana tsakiya a cikin gwado tana kuka, wai na kunyata ta a gaban mutane. Na ce kunya tana warkewa. Dauda kuwa sai goge gilashin gaba yake yi da safarka idan numfashinmu ya rufe shi.

Ban taɓa zuwa wurin da ka rasu ba sai ran nan. Ba wanda ya nuna mini, sassauta gudun da Dauda ya yi ne ya gaya mini. Wuri ne kawai, ciyawa busasshiya, shanu suna kiwo can nesa. Bishiyar ma ba ta kai yadda nake ganinta a zuciyata ba. Muna wucewa sai na ga ya sauke nasa gilashin har ƙasa. Daga baya ya ce tofar da yawu ya so yi. Bai tofar ba, bai kuma ɗaga ba har muka shiga Rijau.

Ban ce na gama da shi ba. Kasko ba ya wuyar samu a kasuwa, kuma ba kullum zan bar aji in bi shi ba. Na warware rigar sanyinka ta ulu ina saƙa masa safar hannu ta gaske. Kada ka ji haushi, ba ka bukatarta.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da na jiyo ƙarar motarka daga wajen kasuwa, nakan ajiye abin da nake yi in saurara ina murmushi har ka tsaya. Sai in haɗe fuska kafin ka shigo, don kada ka raina faɗana. Da ka ga fuskar farko ko sau ɗaya, za ka fi jin maganata? Ban sani ba. Kuma har yanzu ina fushi da kai. Fasto ya ce in yafe. Ina ƙoƙari.

Jiya na tarar Iya ta rufe ƙofa da kasko a ɗaki, Bulus yana kwance kusa da ita. Na tara su duka a tsakar gida, har da Dauda. Iya ta ce soja ɗanta ya auro, ba mace ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri, amma ban janye ba.

Ga dokar gidanka daga yau. Garwashi ba ya shiga ɗaki da kowa. A ji ɗumi a tsakar gida, a kashe wuta, sannan a shiga. Mai jin sanyi ya zo in ƙara masa gwado da dutse mai zafi. Kuma ɗan da na haifa ba ya hawa motar da ke da kasko, ko ta wane ne, ko da zai tafi da ƙafa.

Ka huta lafiya, sai mun sadu.

Matarka,
Saratu, Maman Rifkatu