Ganyen kori da ƙullutun ɗiyata

Assalamu alaikum masu karatun wannan shafi. Ni tsohuwa ce daga wajen Dogarawa, ban yi lakwal ba, wato boko, da baki nake faɗi ana rubutawa. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni ce ungozomar garinmu, rabin garin nan a hannuna suka faɗo, in na ce a sha abu sha ake. Ɗana yana dafa abinci gidan wani Ba'indiye mai aikin siminti a Malbaza, shi ya kawo mini dashen wani icce, wai kori. Ya ce, “Inna, matar maigidana ta ce ganyen nan yana tsare mutum daga ciwon daji. Amma tsari ta ce fa, ba magani ba.” Na ji shi sarai. Amma da mata suka taru, sai bakina ya ce magani ne.

Sai ga ɗiyata ta fari da ƙullutu a nono. Lokotoro na Konni ya duba, ya ce ta tafi babban asibitin Yamai kar ta jima. Na ce, Yamai? A yanke miki nono ina raye, ga icce cikin gidana? Mijinta ya ce, “Inna ta fi mu sani.” Ta zauna. Kullum ina dafa ganyen, ina tacewa, ina aika mata.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Tun rani awaki suka cinye iccen har saiwa. Wa zan gaya wa? Ni da ake nunawa da yatsa? Sai na koma tsinkar ganyen bedi, wato dogon yaro, tunda sun yi kama, ina dafawa a ɗaka.

Shekaranjiya na yi mata wanka, na ga wurin ya kumbura ya fara ruwa, har hammata. Ta kama hannuna ta ce, “Inna, yanzu ya fi ɗaci, ai alamar ya fara aiki ne ko?” Wallahi na ce mata i. Ni da na haife ta!

Ɗana ya ce akwai direban motar siminti da zai kai ta Yamai ran kasuwa, amma ta rantse ba ta taka mota sai ni na ce ta tafi. In na ce, za ta tambaye ni dalili, kuma ban taɓa iya kallon idonta in yi rabin magana ba. In sunana ne zai ɓaci, na yafe shi. Tsorona ta ji gaskiya, zuciyarta ta karye kafin ta kai asibiti. In na yi shiru kuma, da hannuna nake haƙa mata kabari.

Ƴaƴana, kasuwa jibi ce. Me zan yi?