Jajayen Allunan Tilila

Kai da ka buɗe gwangwanin shayin nan, jika ne kai ko suruki, zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka taɓa abin da ke rataye a bangon zaure. Ba ado ba ne. Na tara wasiƙun nan ne don kada wani ya zo gobe ya ce ba a faɗa masa ba.

Ijja

*

Tahannaut, Disamba

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Makaranta lafiya lau, yaran ajina sun fara sabawa da ni. Dusar ƙanƙara ta sauka a Ukaimedin, daga tagar aji nake hango dutsenmu fari fat.

Inna, ki zauna kafin ki karanta sauran. Na je kasuwar gwanjo a Marrakesh tare da Najat, malamar lissafi, na sayi allunan zamiya, irin biyun nan da ake ɗaura wa ƙafa a zame a kan dusar ƙanƙara. Jajaye ne, sun fi ni tsawo, da lambar gasa a jikinsu. Mai sayarwa ya rantse wani Bature ya taɓa cin kofi da su. Najat ta ce, "Ko kofin shayi ne ai kofi ne, saya kawai."

Ba gasa zan shiga ba. Ranar Lahadi ce kawai, mu hau mu zame mu sha shayi mu dawo. Kawu Bihi zai koya mini a gaban shagonsa na hayar alluna. Ki sa mini albarka.

'Yarki,
Tilila

*

Kasablanka, Disamba

Tilila,

Na amsa gaisuwarki. Albarkar kuwa ban sa ba.

Na tura ki ki koyar da yara, ban tura ki ki kai ƙafarki kasuwa ba. Allon mai tsere an yi shi ne don ƙaton da ya kwana ya tashi a kan dutse. Ba ya lanƙwasa wa mai tafiya a hankali, ba ya juyawa sai an zuba gudu. Mafi muni shi ne maɗaurin da ke riƙe takalmi. An ɗaure notinsa daidai nauyin mai shi, don kada ya saki a tsakiyar gasa. In kin faɗi ba zai sake ki ba, gwiwarki ce za ta saki.

Kin tashi kin ga mahaifinki yana dogara sanda har ya koma ga Allah. Wani ɗan tsere ne ya ba Hammu, mahaifin naki, allunansa kyauta, ya karɓa yana murna kamar an naɗa shi hakimi. Gangara ɗaya ya yi da su. Ita ta sauko da mu daga dutse zuwa garin nan mai warin kifi, ya ƙare rayuwarsa a gadin ƙofar wani. Tun ranar ban sake taka ƙanƙara ba.

Ku yaran yanzu ba ku san komai ba sai launi. Mu a zamaninmu da sassafe muke hawa, muna bin alfadaran babanmu, da burodin sha'ir a ɗaure a bakin zane. Bakin allo yana yanka ƙanƙarar safe da wata ƙara kamar ana yaga sabon yadi. In maɗauri ya yi sako-sako ba ma neman kowa, ƙwandalar dirhami nake zarowa in murɗa notin da ita. Daga can sama ana hango hayaƙin gidanmu, iska na fitar maka da hawaye ba tare da ka yi kuka ba. Amma wannan duk ya wuce, kuma ba abin sha'awa ba ne.

Ki mayar da su. Ki kuma daina biye wa Najat.

Mahaifiyarki,
Ijja

*

Kasablanka, Disamba

Zuwa ga yayana, Dadda Bihi,

Ina gaishe ka da iyali. Na san 'yata, kunnen ƙashi gare ta, ba za ta mayar ba. In ta zo, ka sassauta maɗauran nan iyakar sassauci. Sannan ka tsayar da ita a kai ka hauri kan takalmin ta gefe, yadda babanmu yake yi mana. In bai fita ba, kada ta hau. Kada ka ce ni na sa ka. In ƙafarta ta sami wani abu, kai zan tuhuma.

Ƙanwarka,
Ijja

*

Tahannaut, Janairu

Inna,

Ina gaishe ki, amma raina a ɓace yake.

Sau biyu allo yana fita daga ƙafata a gaban jama'a, ni kuwa ko faɗuwa ban yi ba tukuna. Masu alfadarai suna ta dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malama, allonki ya riga ki sauka, ko mu ce ya jira ki a Marrakesh?" Najat har da riƙe ciki. Na tsare Kawu, ya yi ta sosa ƙeya, a ƙarshe ya ce, "Je ki tambayi gwamnatin Kasablanka."

Ni ba yarinya ba ce, Inna. Kuma na sake karanta wasiƙarki. Rabinta faɗa ne, rabinta kuwa kamar mai ba da labarin ranar aurenta. Kawu ya ce duk ƙauyen babu namijin da yake kama ki, kina gangarowa da zanenki a ɗaure, ana darewa. Me ya sa ban taɓa ji daga bakinki ba? Ke kin sha daɗin, ni sai hoton dutse a bango?

Ranar Lahadi zan hau can sama, in hango hayaƙin gidanku da idona.

'Yarki,
Tilila

*

Ukaimedin, Janairu

Ijja ƙanwata,

Gaisuwa. Ki yi bismilla ki karanta a natse: yarinya tana raye, tana cin abinci, tana ma yi mini tsiwa.

Ta zo ta ce in ba ta sukundireba. Na ce ta ɓata. Ta ce, "Kawu, mai shagon alluna ba shi da sukundireba?" Na ce alfadari ya haɗiye. Ta yi dariya ta tafi, ni kuma na saki jiki. Ashe da ta kai sama ƙwandala ta zaro daga aljihu. Ke kin san inda ta koyi wannan, ni ban faɗa mata ba.

Notin dama ya murɗu har ƙarshe. Na hagu tsatsa ta cinye shi, ya ƙi motsi. A haka ta sauko. Ijja, ina tsaye a ƙasa na ga jan allo yana tahowa, da tsayuwar nan taki, kafaɗa ɗaya a gaba. Wallahi sai da na kira sunanki. A kwanar babban dutsen nan allunan suka ƙi juya mata. Na hagu ya fice ya yi nasa wuri. Na dama ya riƙe.

Mun sauko da ita a kan alfadari. Likita ya ce jijiyar gwiwa ta ja amma ba ta tsinke ba, za ta taka in ta yi haƙuri ta kwanta. Ya ce da duka biyun sun riƙe, da wani zance ake yi. Ki gode wa tsatsa.

Tana gidana, matata na ɗura mata miyar sha'ir. Jiya na ce, "To Malama, kin hango hayaƙin?" Ta ce ta hango, kuma iska ta fitar mata da hawaye yadda kika ce. Sai ta juya fuska bango. Ta hana ni rubuto miki, wai ba za ki yafe ba. Ni dai na rubuto. Dusar bana irin ta yarintarmu ce, har ta rufe katangar masallaci.

Yayanki,
Bihi

*

Kasablanka, Janairu

Tilila,

Sannu. Na yi sujada na gode wa Allah, na kuma yi kwana biyu ina shirya faɗan da zan yi miki. Yana nan, ban rage ko kalma ba, a gabanki zan yi shi.

Ranar Alhamis zan shigo motar safe. Zan kawo miki sandar mahaifinki. Aro ce, ba gado ba, da bazara zan karɓi abata. Allunan kuwa a bangon zaure za su ƙare, inda kowa zai gan su.

Ki ce wa Bihi ya ware mini takalmi lamba talatin da takwas da alluna masu laushi, irin waɗanda yake ba tsofaffin baƙi. Kada ya yi dariya. Dole wani ya nuna miki yadda ake shan kwanar nan, shi kuwa tun muna yara a baya yake zuwa.

Ga doka, daga yau har bayan raina. A gidan nan babu mai sa ƙafa a allon wani sai an hauri takalminsa a gabana na ga ya fita. Kuma duk mai hawa dutse, ya juye mini aljihunsa a ƙasa tukuna.

Mahaifiyarki,
Ijja