Tabo Goma Sha Biyu a Bayan Tsoho

Asabar, 8 ga Yuni

Ajin Turanci a ɗakin taron coci. Malamarmu Zoya Markovna ta zo da sabon bala'i: yadda ake faɗin aiki a ɓoye wanda ya yi shi. An fasa taga. An cinye miya. Jimla arba'in! Na ce, Zoya Markovna, wa ya fasa tagar? Ta ce haka mutanen nan ke rubuta rahoto, in ina son cin jarrabawar Satumba in ja bakina in cike gurbi. Tolik mai tasi ya ce shi ya daɗe da iyawa, kullum haka yake gaya wa matarsa: an shanye kwalbar. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Shekara ashirin da biyu ina babbar nas a garinmu Khabarovsk. Yau ga ni a wata ƙasa, a gidan kula da tsofaffi na Brisbane, ina canza musu zanin gado, wai sai na ci Turanci kafin su yarda in taɓa allura. Ni Rimma!

Talata, 11 ga Yuni

Innokentiy Pavlovich na ɗaki na bakwai yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Shekararsa tamanin da tara. Ya fi shekara sittin a ƙasar nan, amma tsufa ya kwashe masa Turancin kaf, sai harshenmu, kuma duk gidan ni kaɗai ke jin sa. Likita ya ce a ba shi ruwa da yawa. Ruwa! Tsohon ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗiyata, ki yi min ƙaho irin na uwata."

Laraba, 12 ga Yuni

Na yi. Na zo da kwalaben kakata a jaka, guda goma sha biyu, da auduga da ashana. Lokacin hutun rana na rufe ƙofa. Ba tsaga, ba jini, zafi ne kawai ke jan fata. Ya yi barci har da minshari.

Na san mai aiki irina ko maganin ciwon kai ba a yarda ta bayar ba. To sai me? Na yi wa mutum ya fi dubu.

Juma'a, 14 ga Yuni

Jiya hutuna ne. Na dawo na tarar gida ya hargitse. Likita ya ɗaga rigar tsoho don ya saurari ƙirji, ya ga tabo goma sha biyu a baya, ya kira Bronwyn manaja da gudu. Wai duka ne, ko ƙuna! Jakai. A garinmu kowace tsohuwa a tashar bas za ta gaya maka mene ne.

Sun dakatar da Sieni, 'yar Samoa, don ɗaki na bakwai nata ne a makon nan, kuma ta yi masa wanka jiya da safe ba ta kai rahoto ba. Na ga takardar: "An ga tabo. An sanar da likita. An dakatar da ma'aikaciya." Sak jimlolin Zoya Markovna.

Ba wanda ya tambaye ni komai.

Asabar, 15 ga Yuni

Darasin yau: yadda za ka maimaita maganar wani. Ya ce kaza, ta ce kaza. Na ci tara cikin goma. Tolik ya kalli fuskata ya ce, "Rimma Gennadyevna, wa ya mutu?" Na ce ya kiyaye ni.

Litinin, 17 ga Yuni

Bronwyn ta ja ni ɗaki na bakwai in yi mata tafinta. Ta zauna da biro, ta ce in tambaye shi wa ya taɓa masa baya. Na tambaya. Tsohon ya washe baki.

"Ke mana, ɗiyata! Gaya wa matar nan hannunki mai albarka ne. Ki ce mata ƙirjina ya buɗe."

In ta rubuta sunana, aikin ya tafi, kuma hukumar rajistar nas-nas za ta gani, jarrabawar Satumba ta zama banza. Shekara uku ina wanke fo don takardar nan.

"Me ya ce?" in ji Bronwyn.

Na ce ya ce bai tuna ba.

Ta rubuta. Ta ce tunda haka ne babu amfanin kiran tafinta daga waje. Da za mu fita har da cewa Turancina ya yi kyau sosai kwanan nan. Na shiga banɗaki na daɗe.

Laraba, 19 ga Yuni

Ƙasar mahaukata. Mutum ya warke, su kuma suna neman wanda za su rataye. Laifina ne da ba su san ƙaho ba? Laifina ne da Sieni ba ta buɗe baki ba? Ai doka ta ce ka ga tabo ka faɗa. Ita ta ja wa kanta.

Tsohon ya ƙi wanka. Yana ta tambayar ina babbar nan mai waƙa, wato Sieni.

Juma'a, 21 ga Yuni

Sieni ta zo kwashe kayanta daga kabad. Talata za su zauna a kanta, in sun kore ta ba gidan tsofaffin da zai sake ɗaukarta. Na yi ƙoƙarin zamewa, ta gan ni.

"Mama Rimma, yaya tarin tsohonmu?"

Na ce da sauƙi.

"Na sani. Na ji jakarki tana ƙara ranar Laraba. Tawa kakar da ganye take yi."

Na ce, to me ya hana ki faɗa musu?

"Ba ni na yi ba, Mama. Ba ni zan faɗa ba."

Ta ba ni zanin da take rufa masa a ƙafa, wai in mayar masa. Da ma zagina ta yi! Wallahi da na fi jin daɗi. Wa ya roƙe ta? Na tsani irin wannan kirkin, na tsane shi.

Asabar, 22 ga Yuni

Aikin gida: rubuta rahoton wani abu da ya faru a wurin aiki. Ban san me ya hau kaina ba, na rubuta duka, har da abin da tsohon ya ce da abin da ni na ce ya ce. Zoya Markovna ta karanta bayan aji, ta cire tabarau.

"Ƙaho? A nan? Kin haukace?" Sai ta rage murya. "Ni ma ina yi wa nawa mijin, amma ba ya cire riga a gaban likita."

Na ce ai aikin gida ne kawai. Ta ce to. Ta gyara kuskure uku da jan biro, ta ce in sake kwafa da kyau, manajoji ba sa son gogewa.

Tsohuwar mayya.

Litinin, 24 ga Yuni

Na ajiye takardar da kwalaben a teburin Bronwyn. Ta karanta sau biyu ba ta gane ba, sai da na naɗe hannun riga na kafa ɗaya a damtsena. Ta zuba ido fata na tashi.

Na zaci ihu za ta yi a kan tabon. Ina! Ta ce, "Kin kunna ashana a ɗaki na bakwai? Kin manta tukunyar iskar numfashi tana jikin gadon maƙwabcinsa?" Daga nan ta ce ƙahon wataƙila da ta iya kare ni. Abin da na yi ranar Litinin a gaban tsohon da ba shi da baki sai nawa, wannan ba za ta iya ba.

An karɓi katina na aiki. An sanar da hukuma. An raka ni ƙofa.

Alhamis, 27 ga Yuni

Ina gida. Tabon damtsena ya koma ruwan ɗorawa. Maganar tukunyar iskar na ta dawo min. Ban ce tana da gaskiya ba, amma ni da nake babbar nas da na kori duk wadda ta yi haka.

Ba labari daga hukuma. Na cike jimlolin Zoya Markovna duk da haka, zaman banza ne ya ishe ni.

Da rana waya ta yi ƙara. Sieni ce, an mayar da ita. Ta ce tsohon yana ta surutu, ba ta san me yake so ba, ta kara masa wayar. Ya yi magana mai tsawo.

"Me ya ce, Mama?"

Na ce ya ce ruwan ya yi sanyi. Ya ce ki yi waƙar nan ta cocinku. Ya ce kin rame. Ya ce wai ina na shiga, wa zai ji maganarsa yanzu.

Duka na faɗa mata, har da na ƙarshen.