Kafin Jifa na Gaba

Yaya Orrin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Tunda ka ƙi ɗaga wayata, ga takarda.

Shekara ashirin da shida kana alƙalancin softbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, amma ranar Asabar ka manta 'yan shekara goma ne a gabanka. A gasarsu, in mai duka ta kuskure ƙwallo sau uku, ta fita ke nan, ko mai cafewa da ke bayanta ta cafe ko ta suɓuce mata. Ƙwallo ta uku ta suɓuce wa 'yata Wynona, mai cafewarmu, sai ka ɗauko dokar manya ka bar mai dukan ta ruga neman maki maimakon ka fitar da ita. Da ka fitar da ita, da wasa ya ƙare, muna da huɗu suna da uku. Sai ga shi an ci mu, gasar jihar Oklahoma ta wuce mu.

Wynona ta ɗauka ita ta kayar da mu. Kwana uku ko burodin masarar da take so ba ta taɓa ba, ƙawayenta sun daina zama kusa da ita a coci. Don Allah ka rubuto mata layi biyu ka ce kuskurenka ne.

Ƙanwarka,
Arlene

Arlene,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki. Haka ne, na yi kuskure. Amma ke ce kocinsu, kin san doka: ana gyara irin wannan kafin jifa na gaba, da zarar an jefa kuwa magana ta mutu. Na gane nan take. Na tsaya ina share farantin gida, inda mai duka ke tsayawa, da buroshi har sau biyu, ina kallonki, ina jira ki ɗaga hannu ki yi ƙorafi. Kina ina? Kina can kina yi wa 'yarki ihu gaban mutum ɗari biyu: "Hannun ne babu ko ƙwaƙwalwar? Kin kunyata ni!"

In zan rubuta mata gaskiya, duka zan rubuta, har da cewa uwarta na da minti guda cur ta cece ta, ta ƙarar da shi wajen zaginta. Ki zaɓa.

Na gaishe ki,
Orrin

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaida na gaba da ni. Amma wallahi ba ka da kunya! Wa ya ce sai na ɗaga hannu? Alƙali na da ikon gyara kansa da kansa, kai ka koya mini haka a bayan gidanmu. Share faranti, wai! Masu zaɓen alƙalan gasar jiha suna zaune a bayanka da takardunsu, shi ya sa bakinka ya ƙi buɗuwa. Na ji ma an zaɓe ka. Barka.

Na tsane ka a kan wannan, kuma na fi tsanar kaina. Iyayen yara sun riga sun fara ƙus-ƙus a kaina. In takardarka ta fito, za su ƙwace ƙungiyar da na yi shekara bakwai ina ginawa, kai ma a cire sunanka.

Kada ka rubuto komai. Yarinya ce, za ta manta.

Sai wani lokaci,
Arlene

Kawu Orrin,

Ina kwana? Ya aiki? Mama ta ce in taya ka murna, za ka je gasar jiha.

Na tambaye ta ko laifina ne, ta ce kowa yana kuskure, in dai ƙara ƙoƙari. Ka yi haƙuri na ba ka kunya kana tsaye a bayana. Na ga ka daɗe kana share faranti don in samu in goge hawayena, na gode, kai kaɗai ka tausaya mini ranar.

Na ba Josie ta ƙungiyarmu safar hannuna ta cafe ƙwallo, ta fi ni iyawa. Ba zan ƙara wasa ba, don haka kada ka damu, ba zai sake faruwa ba.

Taka,
Wynona